Daga Dutsen Niƙa Zuwa Cikin Dutse Mai Aman Wuta: Tarihin Wata Gardama Ta Sama Da Shekara 200

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba. Yau tarihi za mu yi, amma babu sarki a ciki, babu yaƙi. Tarihin wata tambaya ce da masana suka daɗe suna gardama a kanta: me ke ƙarƙashin dutse mai aman wuta? Ku gyara zama, labarin zai zaga da mu duniya kafin ya dawo da mu gida.

Bari in fara da kakata. Tana da wani dutsen niƙa a bakin madafi, wanda tsakiyarsa ta lotsa saboda daɗewa. Ina yaro, idan ta wanke shi da ruwa sai in tsuguna ina kallo, don jiƙewar tana fito da launinsa. Za ka ga ƙwayoyi iri uku a manne da juna: wasu ja-ja, wasu kamar gilashi, wasu baƙaƙe masu ƙyalli. Wata rana na ce mata, "Kaka, wa ya zuba wannan tsakuwar a cikin dutsen?" Ta yi dariya ta ce, "Kai maigidan nan ka cika tambaya. Tashi ka miƙo mini ɗan dutsen in gama niƙan nan." Tambayar ta tsaya a nan. Sai bayan shekaru da yawa na gano cewa ba ni na fara yin ta ba, kuma waɗanda suka bi ta har ƙarshe sun gano yadda ƙasar da muke takawa ta samu.

Dutsen kakata giranayit ne, waɗannan ƙwayoyi kuma su masana ke kira kiristal. Ni dai a shirin nan zan riƙa cewa ƙwaya. Akwai ƙa'ida ɗaya da nake so ku riƙe. Idan narkakken dutse ya fito sarari ya huce da sauri, ƙwayoyinsa ba sa samun lokacin girma, sai ya daskare sumul, ido ba ya ganin komai. Idan kuwa ya huce a hankali can cikin ƙasa, shekara dubbai yana sanyi kaɗan-kaɗan, ƙwayoyin sai su yi girma har yaro ya iya ƙirga su. Wato duk dutsen da ka gani da manyan ƙwayoyi, yana gaya maka cewa a zurfin ƙasa aka haife shi. Wannan magana yau ko ɗan sakandare ya san ta. Amma kafin a yarda da ita an sha daru.

A ƙarshen ƙarni na 18, babban malamin duwatsu a Turai shi ne wani Bajamushe, Abraham Werner, wanda ya fara koyarwa a makarantar haƙar ma'adinai ta Freiberg a 1775. Shi a ganinsa, giranayit daga ruwa ya fito. Ya ce da can wani babban teku ne ya rufe duniya, duwatsun suka kwanta a ƙasansa kamar yadda gishiri ke kwanciya idan ruwa ya ƙafe. Aman wuta kuwa, a wurinsa ƙaramin abu ne, kwal ne kawai ke ci a ƙarƙashin ƙasa. Werner ya iya koyarwa, ɗalibai na zuwa daga ƙasashe daban-daban, suna komawa gida da ra'ayinsa.

Can a Sikotland akwai wani mutum da ya karanta likitanci ya koma noma, James Hutton, wanda bai yarda ba. Ya ce in dai giranayit narkakke ne da farko, to dole a samu wurin da ya kutsa cikin tsagar wani dutsen da ya riga shi, kamar yadda narkakkiyar dalma ke bin tsaga. A 1785 ya je wani kwari mai suna Glen Tilt, ya tarar da jijiyoyin jan giranayit sun ratsa cikin baƙin dutsen da ke kewaye. An ce murnar da ya yi ta sa masu yi masa jagora suka ɗauka zinariya ko azurfa ya gano. Masu adawa suka ce, to ai duk wanda ya narkar da dutse ya bar shi ya huce, gilashi yake samu. Sai abokinsa James Hall ya shiga aikin gwaji a shekarun 1790. Ya narkar da baƙin dutse a tanderu, wanda ya huce da sauri ya zama gilashi, wanda aka bari ya huce a hankali ya fito da ƙwayoyi. Daga nan ra'ayin Werner ya fara ja da baya.

To an yarda wuta ce. Sai wata tambayar ta taso: me ya sa duwatsun da wuta ta haifa suka bambanta haka? Ga baƙi mai nauyi da ake kira basalti, ga fari ko ja mai sauƙi kamar giranayit. Tukunya ɗaya ce ko tukwane ne daban-daban?

Wanda ya fara hango amsar zai ba ku mamaki: Charles Darwin. Mutane sun san shi da maganar halittu, amma yana saurayi ya fi ɗaukar kansa masanin duwatsu. A 1835, a tsibiran Galapagos, ya lura da wani daskararren aman wuta wanda ƙwayoyi suka fi taruwa a ƙasansa. A littafin da ya fitar a 1844 kan tsibirai masu aman wuta, ya kawo shawarar cewa ƙwayoyin da suka fara daskarewa na iya rabuwa da ruwan saboda bambancin nauyi, kuma abin da ya rage ba zai zama iri ɗaya da na farko ba. Duk wadda ta taɓa tace gasara ta san wannan. Ki bar ƙullun ya kwana, mai nauyi ya kwanta ƙasa, ruwan tsami ya taso sama. Abu ɗaya aka zuba, abu biyu aka kwashe.

Bayansa wani Bature ɗan Sheffield, Henry Sorby, ya fara goge yankin dutse har ya yi siririn da haske ke ratsa shi, ya sa a madubin ƙara girma. An yi masa dariya, wai yana nazarin tsaunuka da madubin likita. Har yau da dabararsa ake aiki, kaurin yankin bai wuce milimita 0.03 ba.

Wanda ya mayar da hasashen Darwin ilimi mai hujja shi ne Norman Bowen, ɗan Kanada da ya yi aiki a wani ɗakin gwaji na Cibiyar Carnegie a Washington. Ya riƙa dafa garin dutse, ya tsayar da shi a zafin da yake so, ya sanyaya shi farat ɗaya ya duba abin da ya daskare. Ya nuna cewa ƙwayoyi na fitowa bi da bi. Masu ƙarfe da magnisiyam, kamar koriyar ƙwayar nan olibin, su ke fara fitowa tun da sauran zafi sosai. Suna fita, ruwan da ya rage sai ya ƙara yawan sinadarin silika, ya ƙara kauri, launinsa ya yi haske. A littafinsa na 1928 ya ce ta wannan hanya basalti na iya haifar da giranayit.

Amma akwai matsala, kuma ku riƙe ta don za mu dawo kanta. Idan ka tace basalti har ya zama giranayit, abin da za ka samu bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Sauran kashi taran baƙin tuƙa ne mai nauyi. Giranayit kuwa ga shi nan birjik a nahiyoyi. To ina tuƙar ta shiga?

A 1930 wani matashin Ba'ingile, Lawrence Wager, ya bi wata tawagar bincike zuwa gabashin Girinland. A bakin teku ya hango wasu tsaunuka masu zane-zane a kwance, layi kan layi, baƙi da fari. Irin wannan zane an saba ganinsa a dutsen da ruwa ya shimfiɗa, amma wannan dutsen wuta ne. Wurin shi ake kira Skaergaard. Wager mutum ne mai taurin rai, don a 1933 ya hau Everest har kusan mita 8,570 ba tare da tulun iska ba. A 1935 ya koma Girinland da abokin aikinsa Alex Deer, suka yi hunturu a can suna bin layukan ɗaya bayan ɗaya. Rahotonsu na 1939 ya nuna cewa wannan tukunyar narkakken dutse ce sukutum, wadda ta daskare kimanin shekara miliyan 56 da suka wuce, ƙanƙara da zaizaya suka yanka ta suka buɗe cikinta. Daga ƙasa zuwa sama sinadarin ƙwayoyin na canzawa a jere, kusan yadda gwajin Bowen ya nuna. A 1960 Wager da abokansa suka ba irin wannan dutse suna na musamman, wanda ma'anarsa ita ce tarin ƙwayoyi. Mu ce masa dutsen tari.

Kada ku ɗauka wannan ilimin nishaɗi ne kawai. A Afirka ta Kudu akwai babbar tukunya irin wannan, Bushveld, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 66,000, wadda ta haura shekara biliyan 2. A 1924 aka gano wani siririn layi a cikinta, wanda aka sa wa sunan masanin duwatsu Hans Merensky. Yawancin ma'adinin filatinam da duniya ta san tana da shi a wannan tukunyar yake. Wanda ya iya karanta layukan, ya san inda zai haƙa.

A Hawai ma an samu damar kallon abin yana faruwa. A ƙarshen 1959 dutsen Kilauea ya yi aman da ya cika wani rami, Kilauea Iki, da tafkin narkakken dutse mai zurfin sama da mita 100. Da samansa ya daskare, masana suka hau kai da injin haƙa, suka yi ta zaro samfuri daga 1960 har zuwa 1988. Sun ga olibin ya fi taruwa a ƙasa-ƙasa, sun ga kuma yadda ruwan da ya rage ke tsiyayowa daga tsakanin ƙwayoyi. Ɗan wannan tafkin ya ɗauki sama da shekara 30 kafin ya gama daskarewa. Ku kwatanta da wanda ke kilomita goma a cikin ƙasa.

Daga nan ne aka samu hoton da ke cikin littattafanmu na makaranta: dutse a sama, bututu a tsakiya, ƙatuwar randa cike da jan ruwa a ƙasa. Hoton na da kyau, amma da aka je neman randar sai aka rasa ta. Akwai wani nau'in kaɗawar girgizar ƙasa da ba ya ratsa ruwa. Da a ce akwai tafki a ƙarƙashin duwatsu masu aman wuta, da na'urori sun nuna wurin da kaɗawar ta ɓace. Abin da aka fi gani shi ne kaɗawar na rage gudu, amma tana wucewa. A Yellowstone ta Amurka, wadda ake yawan tsorata mutane da ita a intanet, binciken 2015 ya ƙiyasta narkakken da ke ɓangaren sama da kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, na 2022 kuma ya ce 16 zuwa 20. Sauran duk ƙwayoyi ne masu zafi.

To yaya abin yake? A nan zan koma madafi. Kun san tunkuza, niƙaƙƙiyar gyaɗar da ake yin ƙuli-ƙuli da ita? Idan ka kalle ta a turmi, ba ruwa ba ce da za ka zuba, ba kuma busasshiya ba ce. Man na nan a ɓoye tsakanin ƙwayoyin. Sai an yi ta juyawa, ana ɗan yayyafa ruwan zafi, ana matsa, sannan man ya taso a kwashe, tunkuzar ta rage. Kusan haka masana ke kallon ƙarƙashin dutse mai aman wuta yanzu. Tun 1981 wani masani, Bruce Marsh, ya lura cewa idan ƙwayoyi suka kai kusan rabin narkakken dutse, sai su cije da juna, abin ya ƙi gudu. A 2004 Olivier Bachmann da George Bergantz suka bayyana yadda ruwa mai yawan silika ke tsatsowa daga irin wannan cakuɗe ya taru a sama. Man da aka kwashe shi ne aman wuta maras ƙwayoyi. Tunkuzar da aka bari a baya, idan ta huce, ita ce dutse mai cike da ƙwayoyi. A kan wannan fahimta, yawancin giranayit ɗin da muke gani, cikin dutse mai aman wuta ne da ya mutu ya daskare.

Wani lokacin kuma tunkuzar kanta ake tayarwa. A jihar Kolorado akwai shimfiɗar toka mai suna Fish Canyon, wadda ta fito daga aman wuta guda kimanin shekara miliyan 28 da suka wuce. Yawanta ya kai kusan kilomita 5,000 na murabba'i mai zurfi, kuma kusan rabinta ƙwayoyi ne. Da aka duba su, sai aka ga gefensu ya zagwanye, alamar cewa an sake ɗumama su kafin fashewar. Wani sabon zafi ne ya shigo daga ƙasa ya kwance cakuɗen da ya riga ya cije.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi burge ni. Ƙwaya tana girma ne zobe bayan zobe, kamar yadda ake gani a kututturen bishiya. Kowane zobe na ɗauke da shaidar zafi da sinadarin ruwan da ya girma a ciki. Wata ƙanƙanuwar ƙwaya mai suna zarkon tana riƙe yuraniyam, wanda ke komawa dalma a gudun da aka sani, don haka ana iya ƙirga shekarunta. A 2014 Kari Cooper da Adam Kent suka yi nazarin ƙwayoyin dutsen Hood da ke jihar Oregon. Sun gano ƙwayoyin sun kai aƙalla shekara 21,000, amma lokacin da suka yi a zafin da zai bari su gudana bai kai kashi 12 cikin ɗari ba, wataƙila ma bai kai kashi 1 ba. Ma'ana, dutsen kan yi dubban shekaru a cije, sannan sabon narkakke ya shigo ya farkar da shi cikin ɗan lokaci.

Wannan maganar rai da mutuwa ce. Dutsen Pinatubo a Filifins ya yi kusan shekara 500 shiru, mutane na noma a gindinsa. A 1991 sabon basalti mai zafi ya kutsa cikin cakuɗen da ke ƙarƙashinsa. Ƙasa ta fara girgiza, hayaƙi ya ƙaru. Masanan Filifins da na Amurka suka karanta alamun, aka kwashe dubban mutane kafin babbar fashewar 15 ga Yuni. Ɗaruruwa sun rasu, da yawansu saboda rufin gidaje da jiƙaƙƙiyar toka ta danne, amma an ƙiyasta cewa an ceci aƙalla mutum 5,000. Duwatsun da suka fito kafin ranar sun nuna ruwa iri biyu a cakuɗe, baƙi da fari. Ita kuwa ƙasa tana iya ɓoye abinta. A 2009, a Krafla ta Aisland, masu haƙa rijiyar neman tururi suna shirin kaiwa kilomita 4.5, sai a kilomita 2.1 bakin injin ya faɗa cikin narkakken dutse mai zafin kusan digiri 900. Ba su yi tsammanin samunsa a wurin ba.

Yanzu mu koma ga bashin da Bowen ya bar mana: ina tuƙar? Amsar na arewacin Pakistan, a yankin Kohistan. Da can wurin jerin tsibirai ne masu aman wuta a tsakiyar teku. Da Indiya ta zo ta yi karo da Asiya, sai ta matse wannan yanki ta kwantar da shi a gefe. Yau idan ka bi hanya a kwarin kogin Indus, tafiya kake a kwance amma kamar kana gangarawa cikin ƙasa ne, daga duwatsun aman wuta na sama, ka ratsa giranayit, ka shiga baƙin gabro, har ka kai gindi inda dutsen tari yake, cike da ƙwayoyi masu nauyi. Wasu daga cikin waɗannan sun fi dutsen da ke ƙarƙashin ɓawon duniya nauyi. Masana da yawa na ganin idan irin wannan gindi ya yi kauri, yakan ɓalle ya nutse ya koma ciki. Mai sauƙi ya tsaya a sama.

Kun ga yadda lissafin ya daidaita? Abin da ke tasowa daga cikin duniya basalti ne, silikarsa kusan kashi 50. Matsakaicin ɓawon nahiya kuwa kusan kashi 60 ne, kaurinsa kilomita 35 zuwa 40, alhali na ƙarƙashin teku bai fi 7 ba. Tacewar nan, haɗe da narkewar tsohon ɓawo, ita ta samar da ƙasa mai sauƙin da ke tsaye sama da teku. Gonarka da gidanka a kan abin da aka tace suke zaune.

To mu dawo gida. A 1911 wani masani, John Falconer, ya fitar da littafi kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewacin Najeriya. Shi ya raba giranayit ɗinmu gida biyu. Akwai tsofaffi, irin su Kufena a Zariya, waɗanda suka samu kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Akwai kuma ƙanana a shekaru, irin na Jos, Ririwai a jihar Kano, da Ningi da Burra a jihar Bauchi. Da aka zana taswirar waɗannan na biyun, sai aka ga da yawansu zobe ne, kamar an kifa ƙwarya an zagaye bakinta. Rahoton Jacobson, MacLeod da Black na 1958 ya yi bayaninsu dalla-dalla. Gindin duwatsu masu aman wuta ne. Dutsen ya amayar da cikinsa, rufinsa ya rufta, narkakke ya biyo tsagar da ta zagaye ya daskare. Miliyoyin shekaru na ruwan sama suka kankare saman, suka bar mana cikin a buɗe. A Ririwai da Ningi har yanzu akwai ragowar daskararriyar tokar aman a gefen giranayit ɗin da ya daskare a ƙarƙashinta. Man da tunkuzar a wuri ɗaya ke nan. Bambancinsu da Kohistan shi ne namu sun taso ne a tsakiyar nahiya, nesa da inda faifan ƙasa ke nutsewa.

Abin mamaki, zobban sun jeru daga arewa zuwa kudu, suna raguwa a shekaru. Na Azbin a Nijar sun haura shekara miliyan 400. Na wajen Damagaram da Gure kusan miliyan 300. Na Dutse a Jigawa kusan miliyan 213, na Afu a kudancin jerin kusan miliyan 141. A Azbin ɗin akwai zoben Meugueur-Meugueur mai faɗin kusan kilomita 65, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya, akwai kuma dutsen tari mai kusan ƙwaya iri ɗaya zalla. Masana na tasowa daga Turai don su ga abin da makiyayi ke wucewa ta kansa kullum.

Tacewar nan kuma ta shafi tarihinmu kai tsaye. Akwai sinadaran da ƙwayoyin farko ba sa karɓa, sai su yi ta taruwa a ruwan ƙarshe. Kuza na cikinsu. Shi ya sa kuza ke biye da waɗannan zobba. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Ririwai na narkar da ita, suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake na kai ta kasuwanni. Ita ta ja hankalin kamfanonin Ingila zuwa Jos a farkon shekarun 1900, ita ta sa aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya isa can a 1914. A yaƙin duniya na biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza har 1944, da yawa suka mutu saboda sanyi, yunwa da cuta. Kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda aka kwasa. Ya dawo da rai, amma mahaifiyata ta ce har ya rasu ba ya son a ambaci sanyin Jos a gabansa. Bai taɓa sanin cewa baƙin yashin da aka sa shi wankewa, ragowar ruwan ƙarshe ne na wani dutse mai aman wuta da ya mutu sama da shekara miliyan 150 kafin a haife shi ba. Turawan da suka aiko da masu auna duwatsu kuwa sun san inda za su nema. Wannan bambancin sanin shi ya fi damuna a duk labarin.

Kafin wani ya tambaya a ƙasa: a'a, Ririwai da Ningi ba za su farka ba, sun daɗe da hucewa. Amma yankinmu bai rabu da wuta kwata-kwata ba. Akwai ƙananan duwatsun aman wuta masu ƙarancin shekaru a Panyam da Biu. Dutsen Kamaru ya yi aman a 1999 da 2000. A 1986 iskar da ta taso daga tafkin Nyos ta kashe sama da mutum 1,700 a dare ɗaya. Ana bukatar 'yan ƙasa da suka iya karanta duwatsu, don ma'adinai, don ruwan rijiya, don kuma kare rai. Ga ƙannenmu da aka ba wannan fanni a jami'a suna ganin kamar an yi musu wulaƙanci don ba su samu likitanci ba, ku sake tunani.

Dutsen niƙan kakata yana nan a gidanmu, injin markaɗe ya sa an jingine shi a bayan ɗaki. Da na je gida kwanakin baya na zuba masa ruwa, ƙwayoyin nan uku suka fito kamar da. Ku ma ku gwada. Ku samu dutsen niƙa, ko tsakuwar da aka sauke a wurin gini, ku jiƙa, ku ɗauki hoto ku saka mana a ƙasa tare da sunan garinku. Zan yi ƙoƙarin gaya muku ko a zurfi ya huce ko a sarari. Wanda kuma aka kai kakansa haƙar kuza, ya ba mu labarin da ya ji a gida, don ina so mu yi shiri guda a kansa.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.